Bugun agogo da kurakuran direbobin Linux: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya fara rubuta direba, wato manhajar da ke sarrafa wani sashen na'ura, don wani allon lantarki mai cip ɗin ARM, ba ya daɗewa sai ya ci karo da maganar agogo. Yawanci ma ba a hanya mai daɗi ba: allo ya sandare, ko batiri ya riƙa zuba ba a san dalili ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu koyo suka fi yi mini, wasu kuma ni kaina na yi su kafin in gane. Misalan duka daga kanel ɗin Linux suke, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da wayoyin Android da ke aljihunmu.

Wane agogo ake nufi? Wanda ke nuna ƙarfe nawa?

A'a. Wancan daban yake. Shi ana kiransa RTC, yana da ɗan batirinsa, kuma yana aiki da kiristal mai bugu 32,768 a daƙiƙa. An zaɓi wannan adadi ne domin idan aka raba shi biyu sau 15 a jere, bugu ɗaya tak zai rage a kowace daƙiƙa.

Agogon da muke magana a kai wutar lantarki ce da ke hawa da sauka a kan waya ba tsayawa. Duk hawa ɗaya, sassan cip su yi taku ɗaya. Ka tuna da kiɗan gayya: makaɗi na bugawa, manoma na sara a tare. Idan ya ɗaga hannu daga ganga, fartanya ta tsaya. Haka sashen USB, ko na katin SD, ko na allon kallo yake. Wuta na iya kasancewa a jikinsa, amma in babu bugu, ko motsi ba zai yi ba.

Daga ina bugun yake fitowa, kuma wa ke kula da shi?

Daga kiristal guda da ke kan allo. A cip-cip ɗin Allwinner da Rockchip da yawa, MHz 24 ne, wato bugu miliyan 24 a daƙiƙa. Raspberry Pi 3 na amfani da MHz 19.2, Pi 4 kuma MHz 54. Wannan bugu yana shiga wani sashe mai suna PLL da ke ninka shi har ya haura biliyan ɗaya, daga nan ya bi ta masu rabawa da ke rage shi, da masu zaɓi da ke ɗaukar ɗaya cikin tushe biyu ko uku, sai ƙofofi da ke buɗewa ko rufewa. Abin ya zama kamar bishiya: kowane agogo yana da uwa, uwar ma tana da tata, har a koma kan kiristal.

A da, kowane gidan cip yana da nasa salon rubuta wannan bishiya, abin da ya hana a gina kanel ɗaya da zai tashi a kan alluna daban-daban. A shekarar 2012, a Linux 3.4, aka shigo da tsari na bai ɗaya mai suna Common Clock Framework, wanda Mike Turquette ya jagoranta. Tun daga nan direba bai buƙatar sanin wace rajista ce ke buɗe ƙofarsa, wato wane ɗan gurbi ne a cikin cip ake rubuta wa lamba. Ana rubuta alaƙar a cikin device tree, fayil ɗin da ke bayyana abin da ke kan allo, a layukan `clocks` da `clock-names`. Shi direba sai ya nemi agogonsa da suna, ta `clk_get` ko `devm_clk_get`.

Me zai hana a kunna su duka a huta?

Batiri. Wutar da cip ke ci wajen aiki tana ƙaruwa daidai da saurin bugu, kuma sashen da ake kaɗa wa agogo yana cin wuta ko da ba ya yin komai. Cip ɗaya na iya ƙunsar agogo ɗaruruwa. Wanda ya taɓa biyan kuɗin caji a shago don an kwana uku babu wuta ya san darajar kowane kashi ɗaya na batiri. Agogon da direba ya manta bai rufe ba, daga aljihun irin wannan mutum ake biyansa.

Me ya sa kunnawa ta rabu biyu, `clk_prepare` da `clk_enable`?

Wannan tambaya tana da muhimmanci, don nan ne ake fara gane yadda kanel ke tunani. A cikin kanel akwai wuraren da aka yarda aiki ya dakata ya jira, a ba wani aikin dama, abin da ake ce wa barci. Akwai kuma wuraren da barci haramun ne, misali cikin mai amsa katsewa, wato ɗan aikin da ke gudu nan take idan na'ura ta ja hankalin cip, ko lokacin da aka riƙe spinlock, wani makulli da ake jira a kansa ba tare da barci ba.

Su kuma agogo ba halinsu ɗaya ba. Wani, buɗe shi rubuta lamba ɗaya ce a rajista, kafin ƙiftawar ido an gama. Wani kuwa PLL ne da sai an jira ya daidaita, ko kuma yana cikin wani cip na daban da sai an aika masa saƙo ta I2C, layin da ke tafiya a kan kHz 100 ko 400. Wannan jira ne mai tsawo a ma'aunin kanel.

Don haka aka raba. `clk_prepare` ita ke ɗaukar duk abin da zai iya jawo barci. `clk_enable` kuma ba ta barci, ana iya kiranta ko'ina. Dole a fara da ta farko. Wajen kashewa sai a juya: `clk_disable` tukuna, sannan `clk_unprepare`. Yawancin direbobi ba sa buƙatar rabawar, shi ya sa aka haɗa musu `clk_prepare_enable` da `clk_disable_unprepare`. Sai dai haɗaɗɗiyar ta gaji halin barci. Ka kira ta cikin mai amsa katsewa, in ka kunna zaɓin `CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP` wajen gina kanel, kanel zai yi maka ihu. In ba ka kunna ba, abin zai yi ta aiki lafiya har ranar da ba zai yi ba, kuma wannan ranar takan zo ne bayan kaya sun bar hannunka.

Idan na kashe agogo, ba zan kashe wa wani direban ba?

Ba za ka kashe ba, muddin lissafinka daidai ne. Kowane agogo yana da ƙidaya biyu, ta shiri da ta kunnawa. Duk kira yana ƙara ɗaya, duk saki yana rage ɗaya, kuma ƙofa ba ta rufuwa sai ƙidaya ta koma sifili. Kunna ɗa yana kunna uwarsa, har zuwa tushe.

Daga nan kuskure iri biyu ke fitowa. Ka kunna sau biyu ka kashe sau ɗaya, agogon ba zai ƙara mutuwa ba, shi da uwarsa da PLL ɗin da ke samansu, kuma babu saƙon da zai gaya maka. Ka kashe fiye da yadda ka kunna kuwa, ka ci kason maƙwabci: ƙidaya ɗaya ce ake tarayya a kanta, sai sashen wani ya mutu yana tsakiyar aiki. Gargaɗin `already disabled` yana fitowa ne kawai idan ƙidayar ta riga ta kai sifili. Kafin nan, shiru.

Me ke faruwa idan na taɓa rajistar sashen da agogonsa ke kashe?

Ya danganta da cip. Wani zai ba ka sifili ya ƙyale ka. Wani zai jawo kuskuren da ake kira external abort, ko SError a kan arm64, wato ARM mai bit 64, kanel ya faɗi. Mafi muni shi ne wanda layin sadarwar cikin cip zai tsaya yana jiran amsar da ba za ta zo ba. Ba saƙo, ba alama, sai dai ka cire wuta.

`devm_clk_get` ta dawo. Yaya zan san ta yi nasara? In duba ko NULL ce?

Kada ka duba NULL, wato manunin da ba ya nuna komai. Ayyukan kanel da yawa da ke dawo da manuni, wato adireshin wani wuri a memori, suna cusa lambar kuskure a cikin manunin kansa. An keɓe adireshi 4095 na can ƙarshe don wannan, babu abin da ke zama a wurin. `IS_ERR` ke gaya maka ko manunin na cikinsu, `PTR_ERR` kuma ta ciro maka lambar: -12 ita ce `ENOMEM`, babu wurin ajiya, -2 `ENOENT`, babu abin da ka nema, -22 `EINVAL`, abin da ka miƙa bai dace ba.

A tsarin agogo, NULL halastaccen agogo ne na je-ka-na-yi-ka. Ka miƙa shi ga `clk_prepare_enable`, za ta dawo da sifili ba ta yi komai ba. A kan wannan aka gina `devm_clk_get_optional`: in babu agogon a device tree ta ba ka NULL, sauran direba ya ci gaba ba tare da ka cika shi da sharuɗɗa ba. Saboda haka `IS_ERR_OR_NULL` a nan kuskure ne. `PTR_ERR` ta NULL sifili ce, sifili kuma nasara ce, ka ga za ka fita daga `probe`, aikin da kanel ke kira don tada direba, rabin hanya kana shaida wa kanel cewa komai ya tafi daidai.

Wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya: mutum ya karɓi kuskure, sai ya jefar da lambar ya dawo da `-EINVAL` ko `-ENODEV` tasa ta kansa. Ka mayar da lambar da aka ba ka. Amsa ta gaba za ta nuna dalili.

Mene ne -517 da nake gani a saƙonnin tashi?

`EPROBE_DEFER` ke nan, kuma ba gazawa ba ce. Ma'anarta: abin da kake nema yana nan tafe, direbansa ne bai tashi ba tukuna, ka dawo an jima. Kanel bai da tabbacin wane direba zai riga wane, don haka aka ƙirƙiro wannan hanya, ita ma a Linux 3.4, aikin Grant Likely. Direban da ya dawo da -517 ana sa shi a layin jira, duk lokacin da wani ya tashi lafiya a sake gwada shi.

Yanzu duba abin da ke faruwa ga wanda ya musanya lambar da `-ENODEV`. Ya ce wa kanel na'urar ba ta nan, ba za a sake waiwayarsa ba. A allonsa abin na iya aiki domin tsarin tashi ya zo masa daidai, a allon wani kuma katin SD ya ɓace gaba ɗaya.

Akwai kuma wani abu da mutane ke mantawa: tunda ana iya kiran `probe` sau biyar kafin ta yi nasara, hanyar kuskurenka ba hanyar da ake bi sau ɗaya a shekara ba ce. Ana iya bin ta a kowane tashi. Idan tana barin agogo a kunne, sau biyar ɗin duka za ta bari.

Tun Linux 5.9, a 2020, akwai `dev_err_probe`. Idan kuskuren na gaske ne ta buga shi, idan -517 ce ba ta cika maka allo da ihu ba, ta ajiye dalilin a `/sys/kernel/debug/devices_deferred`, ta kuma dawo maka da lambar yadda take.

Me ya sa direbobi suka cika da `goto`? Ba an ce a guje shi ba?

An ce, kuma a wasu wurare gaskiya ne. Amma ƙa'idar rubutun kanel da kanta ta yarda da shi don wannan aiki ɗaya: fita ta ƙofa ɗaya, ana mayar da abin da aka karɓa.

```
ret = clk_prepare_enable(p->bus);
if (ret)
        return ret;

ret = clk_prepare_enable(p->mod);
if (ret)
        goto kashe_bus;

ret = tada_naura(p);
if (ret)
        goto kashe_mod;

return 0;

kashe_mod:
        clk_disable_unprepare(p->mod);
kashe_bus:
        clk_disable_unprepare(p->bus);
        return ret;
```

Lura da abu biyu. Na farko, abin da aka kunna a ƙarshe shi ake fara kashewa, kamar mai sauke kayan da ya jibga a kan jaki. Na biyu, idan kunna `mod` ya gaza, ba a kashe `mod`, domin kiran da ya gaza bai ƙara ƙidaya ba. Ana tsallakawa zuwa `kashe_bus`. Shi ya sa ya fi kyau a raɗa wa alamar sunan abin da take yi, ba `err1` da `err2` ba.

Kuskuren da ya fi yawa ba a rubutun farko yake shigowa ba. Bayan shekara biyu wani zai ƙara mataki a tsakiya, ya rubuta `return ret` kai tsaye domin ya ga haka aka yi a sama. Ka leƙa tarihin gyare-gyaren kanel, za ka tarar da gyara iri wannan ba iyaka, layi ɗaya ko biyu, duk na agogon da aka bari a kunne a hanyar kuskure.

To `devm` ba ta kawo ƙarshen matsalar ba?

Ta rage ta ƙwarai, amma ta zo da nata tarkon. Tsarin, wanda Tejun Heo ya shigo da shi a 2007, yana rubuta duk abin da ka karɓa a jikin na'urar, ya mayar da su da kansa idan `probe` ta gaza ko an cire direba, daga na ƙarshe zuwa na farko. Shekaru da yawa `devm_clk_get` samun agogo kawai take kula da shi, ban da kunnawa, mutane kuma suna ɗauka ta haɗa duka. Sai a Linux 6.0, a 2022, Uwe Kleine-König ya kawo `devm_clk_get_enabled`, wadda ke samowa, ta kunna, ta kuma kashe idan lokaci ya yi. In agogonka zai zauna a kunne muddin direba na raye, ita nake ba da shawara.

Tarkon yana wajen gauraya. Ka ce ka kunna agogo da hannu, sannan ka nemi katsewa da `devm_request_irq`. Wajen cirewa, `remove` ɗinka za ta fara gudu ta kashe agogo. Sai bayan ta dawo `devm` za ta saki katsewar. A ɗan tsakanin nan, mai amsa katsewa yana nan daram, agogo kuma a kashe. In layin katsewar na tarayya ne, wata na'ura ta motsa, aikinka zai tashi ya karanta rajistar da ba ta da bugu. Allo ya sandare sau ɗaya a cikin cirewa ɗari, ka rasa ta inda za ka kama. `CONFIG_DEBUG_SHIRQ` na taimakawa, domin yana kiran mai amsawar da gangan daidai lokacin sakinta.

Ƙa'idar da nake bi: duk abin da ke hannun `devm` ya zo a farkon `probe`, na hannu su biyo baya. In ba zai yiwu ba, in ɗaura matakin hannun a kan `devm_add_action_or_reset` don ya shiga layi ɗaya da sauran. Kuma kada ka kashe agogon `devm_clk_get_enabled` da hannunka a `remove`, sau biyu ke nan.

`clk_set_rate` ta dawo da sifili. Na samu saurin da na nema ke nan?

Ba lallai ba. Ka samu abin da cip zai iya bayarwa kusa da shi. Mai rabawa da cikakkun lambobi yake aiki. Ɗauki layin UART, mai aika bayanai bit bayan bit, da ke shan MHz 24, wanda ke buƙatar bugu 16 ga kowane bit. Don saurin 115,200, rabawar ta kama 13.02. A sa 13, a samu 115,385, bambancin bai kai kashi ɗaya cikin 500 ba, komai lafiya. Nemi 921,600 daga wannan tushe kuwa, rabawar 1.63 ce. A sa 2, ka samu 750,000, ka yi ƙasa da kusan kashi 19 cikin 100, abin da zai fito a ɗaya ɓangaren shara ce kawai.

Masu direban sauti sun fi kowa sanin wannan: kHz 44.1 na son MHz 11.2896, kHz 48 na son MHz 12.288, kuma PLL ɗaya ba kasafai yake ba da duka biyun a lokaci guda ba.

Don haka tambayi `clk_round_rate` kafin ka saita, ka kuma karanta `clk_get_rate` bayan ka saita. Duba kada ta ba ka sifili kafin ka yi rabawa da ita. Ka kuma tuna cewa canza saurin ɗa na iya taɓa uwa, ya shafi 'yan'uwansa. Wanda ba zai jure a canza masa ba yana da `clk_rate_exclusive_get`.

Direbana yana tashi lafiya, bayan 'yan daƙiƙoƙi allo ya sandare. Me ke nan?

Wannan ya cinye mini kwana uku. Sashen da nake rubuta wa direba yana da agogo biyu, na layin rajista da na aikin kansa, ni kuma ɗaya kawai na nema. `probe` ta wuce sumul, na ga saƙona a allo, har na miƙe na sa ruwan shayi. Ina dawowa na tarar da alamar rubutu tana ƙiftawa, na buga umarni na farko da zai taɓa na'urar, shi ke nan, komai ya tsaya. Na zargi wayar wuta, na canza katin SD sau biyu, na goge ƙurar allon da buroshi. Abin da ya ba ni haske shi ne da na gina direban a matsayin modul, wanda ake lodawa bayan kanel ya gama tashi: sai ya sandare nan take wajen lodawa, bai ma jira ba.

Ga abin da ke faruwa. U-Boot, manhajar da ke tada allo kafin Linux, ta bar agogon layin a buɗe. A ƙarshen tashi, kanel yana zagaya bishiyar ya rufe duk agogon da ƙidayarsa sifili ce, ta `clk_disable_unused`. Nawa ba wanda ya ce nasa ne, sai aka rufe.

Gwajin mai sauƙi ne: ƙara `clk_ignore_unused` a layin umarnin tashi. In matsalar ta ɓace, akwai agogon da ba ka nema ba. Buɗe `/sys/kernel/debug/clk/clk_summary`, za ka ga bishiyar duka da ƙidaya da saurin kowane reshe. Amma don Allah kada ka bar wannan umarni a kayan da za ka miƙa wa mutane. Rufe ciwo ne da zane. Agogon da da gaske bai kamata ya mutu ba, kamar na memori, ana yi masa alamar `CLK_IS_CRITICAL` a direban agogo.

Ina maganar `pm_runtime_get_sync` da ake cewa tana da tarko?

Direbobi da yawa na barin runtime PM, tsarin kanel na rage cin wuta, ya kashe musu agogo idan na'ura na zaune. `pm_runtime_get_sync`, wadda ke tada na'urar, tana ƙara ƙidaya ko da ta gaza, saɓanin `clk_prepare_enable`. Wanda ya fita bai rage ba, to ya hana na'urar sake barci. Yi amfani da `pm_runtime_resume_and_get`, ita tana gyara ƙidayar da kanta.

Yaya zan gwada hanyar kuskure alhali allona ba ya kuskure?

Sai ka tilasta masa. Hanya mafi arha ita ce ka sa `ret = -EIO` da hannu bayan kowane mataki na `probe`, ɗaya bayan ɗaya, ka gina, ka loda, ka kwatanta `clk_summary` kafin da bayan. Ƙidayar kowane agogo dole ta koma inda take. Aiki ne mai gundura, direba mai mataki takwas zai ci maka yamma guda, amma ban taɓa yin sa a kan sabon direba ban kama wani abu ba.

Bayan haka, cire direban ka mayar ta fayilolin `unbind` da `bind` da ke ƙarƙashin `/sys/bus/platform/drivers`, ba sau ɗaya ba, sau ɗari a jere, na'urar tana cikin aiki. `CONFIG_DEBUG_TEST_DRIVER_REMOVE` na yin makamancin haka a lokacin tashi: ya kira `probe`, ya cire, ya sake kira. Sannan ka bi rubutun da Smatch na Dan Carpenter da Coccinelle na su Julia Lawall, waɗanda ke karanta shi ba tare da sun gudanar ba, kuma sun ƙware wajen gano `return` ɗin da ya tsallake alamar `goto`.

Na ƙarshe, goge layin `clocks` daga device tree ka tada allon. Direban kirki zai buga saƙo ɗaya da ke faɗin wane agogo ya rasa da lambar kuskurensa, ya janye, sauran allon ya ci gaba da tashi har ka samu wurin buga umarni.